Lasifika Shida, Kunne Biyu

Allah Ya ba ɗan Adam kunne biyu. Injiniyan sauti bai yi musu ba, sai dai ya jera masa lasifika shida.

Tsarin 5.1 ke nan: uku a gaba, biyu a baya, sai wata ƙatuwa a ƙasa da ba ta da aiki sai gurnani. Ba a ajiye su da ka. Na hagu da dama digiri 30 daga ta tsakiya, na baya wajen 110. Da Dolby Atmos ya fito a 2012, har silin aka hau. Yanzu akwai ɗakin da ke da goma sha biyu cif.

Duk rundunar nan wani ɗan akwati ke mulkinta a kan tebur, da ƙaton murɗi a tsakiyarsa. Ka taɓa motar injiniya, zai yafe. Murɗin nan kuwa, a kul. Da na'urar awo aka saita shi.

Kujera ɗaya tak ke jin gaskiyar sautin, ita ce ta injiniya. Furodusan fim da ya biya kuɗin yana can baya a kishingiɗe, lasifikar da ke zubo ruwan sama tana bisa ƙeyarsa. "Malam, ruwan nan ya yi yawa, ba na jin jaruma."

Idan an gama, injiniya ya gyara zama, ya danna wani ɗan madanni mai suna Mono. Jirgin sama, tsawa, kukan jaruma, duk su dunƙule wuri ɗaya. Ya kasa kunne sosai, don kuwa haka za a ji fim ɗin a waya, cikin adaidaita sahu.

In ka shiga sutudiyo, duba akwatin. Madannin nan ya fi kowanne koɗewa.