Ranar Ɗora Injin

Sauke injin mota ba shi da wuya. Duk yaron da ya shekara biyu a gareji zai iya warware shi kafin azahar, ya baza kayan cikinsa a kan tsohon buhu, ya tafi cin garau-garau. Wurin mayarwa ake gane bambancin Oga da Oga. Karanshaf ya dawo daga wurin masu gurza, an sayo ringi da metal da gaskit, bulok ya sha wanka, yanzu ana so kowane ƙarfe ya koma mazauninsa bi da bi, da awo, cikin natsuwa. Wannan aiki mai son shiru kuwa, a wurinmu a gindin darbejiya ake yin sa, inda ba a hana kowa shiga, ba a kuma hana kowa magana.

A fara da Oga mai awo, don irinsa ba su da yawa, kada a manta da su. Tun ranar da ya sauke injin ya ɗiga wa kowane murfin metal alama, na ɗaya ɗigo ɗaya, na biyu ɗigo biyu, domin ya san murfin da ya bar gidansa ya shiga na maƙwabci sai ya haddasa fitina. Yana wanke hannu kafin ya taɓa metal. Iskar hunturu na tasowa zai rufe bulok da leda ya zauna ya jira, domin ratar da bakin mai ke bi tsakanin metal da karanshaf ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ƙwayar yashi guda ta isa ta yi mata ɓarna. Duk murfin da ya ɗaure sai ya juya karanshaf da hannu ya ji ko yana tafiya salin-alin. In ya ji ya cije, ya kwance, ko da kuwa ana kiran magariba. Bakin ringi ba ya barin su a layi ɗaya, sai ya karkasa su a kewayen fistin. In aka zo notin top, daga tsakiya yake farawa yana fita gefe, zagaye biyu ko uku, da sifanar awo wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai. Sakamakon duk wannan shi ne masu mota ba sa son sa. "Wannan ba shi da zafin nama," in ji su, su wuce garejin gaba.

A garejin gaba kuwa akwai Oga mai hannu. Shi ba ya buƙatar sifanar awo. "Alhaji, shekarata ashirin ina wannan aiki, hannuna ne ma'auni." Ma'aunin nan nasa yana da mataki biyu kacal: noti ya yi kuka, ko noti ya tsinke. In sifana ta gaza sai ya zura mata bututun ƙarfe ya hau da ƙafa. In ya tsinke, sai ya ɗaga guntun sama kowa ya gani: "Dama ya gaji. Gara da ya nuna halinsa a nan, ba a hanya ba." Masoyin gam ne na gaske. Gaskit sabo fil, wanda kamfani ya yi don a sa shi a bushe, sai ya lafta masa gam sama da ƙasa, rarar ta tsiyaya ciki, ta bushe, ta gutsuttsure, ta je ta toshe rariyar famfon mai. Babban abokin gabarsa tamostat ne. Da ya gan shi zai cire ya yi jifa da shi bayan katanga, wai na ƙasar sanyi ne, sannan ya sa a haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa tun daga kunnawa. Ai masu ƙera motar sun san akwai rana a duniya. Injin yana son zafinsa ya tsaya kusa da digiri 90, in ya rasa haka sai ya riƙa shan mai yana cin kansa a hankali. Amma je ka faɗa wa Oga mai hannu haka a gaban yaransa.

A kan benci, da carbi da rediyo, Baba Fijo yake zaune. Ba ya aiki yanzu, gwiwa ta hana, amma babu injin da za a haɗa bai yi masa shari'a ba. Ko dai ya taɓa aiki a kamfanin haɗa Fijo na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara fitar da motoci a 1975, ko kuma ya san wanda ya yi, labarin yana sauyawa gwargwadon mai sauraro. A wurinsa an gama ƙera mota tun da aka yi 504, duk abin da ya biyo baya wasan yara ne. Kuma kada a raina shi, yana da hujja: silindar 504 silib ce da ake zarewa a zura sabuwa, ba sai an kai bulok an rarake shi ba. Matsalar ita ce Toyota ake haɗawa a gabansa. Yana ganin wayoyi da sensa sai ya girgiza kai. "Mota da ƙwaƙwalwa! To direban kuma me zai yi da tasa?" Taimin a wurinsa da kunne ake sa shi. Oga zai ce, "Haka ne, Baba," ya ci gaba da neman alamarsa a kan fuli, domin ya san karanshaf yana juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya, kuma haƙori guda in ya goce mota za ta tashi tana tari, in suka yi yawa, a wasu injina bawul da fistin su yi karo, a koma gidan jiya.

Yaran gareji kashi uku ne. Akwai mai wanki, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ake auna masa fetur da murfin jarka, kuma duk da haka rabi yana ƙarewa a tankin babur ɗin yayansa. Akwai ɗan aike, wanda za a tura kasuwar Ƙofar Ruwa da hantsi ya dawo bayan la'asar da ringi sitanda, alhali an rarake bulok an ƙara masa rabin milimita. "Oga, mai shagon ya ce duk ɗaya ne." Sai na uku, mai rufa asiri. Shi ke riƙe da gwangwanin madarar da aka tara notuna a ciki, kuma shi ne zai fara lura cewa an gama haɗa injin amma gwangwani bai zama wayam ba. Yaro mai hankali ba ya tambayar Oga daga ina notuna huɗun da suka rage suka fito. Yana zuba su a aljihu, in mai mota ya hango, ya ce masa kamfani ne ke ƙara su saboda tsaro. Su ukun sun yi tarayya a abu ɗaya: babu wanda ya ga sifana mai lamba goma, ko da yake yanzun nan tana nan.

Masu mota ma iri-iri ne. Akwai mai zaman dirshan, wanda ya ɗauki hutu a ofis ya zo da kujerarsa, don an gaya masa kanikawa na musanya kaya. Bai san fistin ba bai san fulogi ba, amma idonsa na kan komai, kuma duk abin da aka ɗaga sai ya ce, "Wannan nawa ne ko?" Akwai mai waya, wanda ke kira sau bakwai a wuni yana tambayar an tayar, alhali bai aiko da kuɗin bakin mai ba. Akwai direban Hajiya, mutum mai fara'a, wanda ke jan Oga gefe ya ce, "In ta kira, ka ce mata metal ɗin ya yi tsada, ka gane ai." Hajiya tana gida tana mamakin yadda ƙarfe ke tashi fiye da gwal.

Amma wanda ya fi ban tausayi shi ne mai arha. Ya biya gurza, ya biya aiki, sai a kan ringi da gaskit tattalinsa ya motsa. Mai shago ya ajiye masa kwali biyu, ya ce wannan orijina ne, wannan kuma "yana yi". Ya zaɓi mai yi. Wata uku nan gaba zai riƙa bin titi da hayaƙi shuɗi, masu Adaidaita Sahu na toshe hanci suna yi masa Allah ya isa.

Kowane mai mota yana da aboki, kuma abokin ba ya zuwa sai an kashe kuɗi an gama. Zai zagaya injin sau ɗaya, hannu a baya, ya ja tsaki. "Da ka tambaye ni, da Baljiyam ka saya ka huta." Wato injin da aka ciro daga motar da ta gama rayuwarta a Turai, aka yi jigilarsa ta Legas ko Kwatano, wanda ba wanda ya san tafiyar da ya yi sai Allah sai shi. Da a ce Baljiyam ɗin aka saya, da cewa zai yi, "Haba, ka sayi abin da ba ka ga cikinsa ba? Ai da aiki ka yi wa naka." Ba shi da mota. Bai taɓa yin mota ba.

Sai lokacin ɗorawa. An rataya sarƙa a jikin ƙarafa uku da aka gicciya, ko a reshen da ya fi kauri, injin yana lilo a sama, an turo mota ƙarƙashinsa. Nan take gareji ke cika da kwamandoji. Mai shayi ya bar tukunyarsa, mai rake ya jingine baro, mai faci ya tsallako titi. "Sauke! Sauke! Tsaya! Ɗan ɗaga! Hagu! Ba hagunka ba, haguna!" Mutum goma na ba da umarni, mutum biyu ne kawai hannunsu ke kan ƙarfe, kuma waɗannan biyun ba sa cewa komai domin yatsunsu na tsakanin injin da giya. Abin da ake nema ƙarami ne: sandar giya ta shiga tsakiyar faifan kuloci, haƙora su haɗu da haƙora. In an daidaita faifan tun a ƙasa, sai a ɗan girgiza, a ji ya shige da kansa. In ba a daidaita ba, za a kai isha'i ana jijjiga, har sai Oga mai hannu ya kawo shawarar a jawo shi da noti ƙarfi da yaji, wanda ta haka ake fasa bakin giya. A cikin taron nan ba a rasa wani dattijo mai wucewa da zai tsaya ya ce a yi bismilla. Shi kaɗai ne shawararsa ba ta taɓa lalata komai ba.

Rewaya yana zuwa a makare, da ɗan ƙwan gwaji a aljihu, yana tafe kamar likitan da aka taso daga barci. Tsakaninsa da bakanike akwai tsohuwar yarjejeniya: in mota ta tashi, aikin bakanike ne, in ta ƙi, wuta ce ba ta zuwa. Shi kuma ya tanadi amsarsa tun daga gida. "Wutata tana nan, Oga. A duba taimin."

An zuba bakin mai, an cika lagireto, an aro batir daga motar wani bawan Allah da ya kawo gyaran birki. Oga mai awo zai cire fulogi ya yi ta juya injin da kik har jar wutar mai ta mutu, don kada metal ya fara aiki a bushe. Sauran kuwa sai dai a murɗa makulli a dogara ga Allah. Kik na farko, shiru. Na biyu, tari. Na uku, ta kama, hayaƙi ya turnuƙe, yara su yi ihu, mai zaman dirshan ya miƙe yana gaisawa da mutanen da bai sani ba. A daidai nan mai totur ke bayyana. Ba a san wanda ya ba shi izinin shiga mota ba, sai dai a ji injin da bai yi minti ɗaya da tashi ba yana kururuwa har kaji na watsewa. "Ina buɗe mata murya ne." A gefe guda Baba Fijo ya taso da kyar, ya kafa bakin sukundireba a jikin bulok, ya manna kunne a ƙotar, ya rufe ido. Kowa ya yi tsit. Ya ɗago ya ce ba laifi, amma ba ta kai 504 ba.

Oga zai yi wa mai mota huɗuba: a bi ta a hankali, ban da gudu, ban da lodi, a sa ido kan allurar zafi, a dawo a juye bakin mai bayan kamar kilomita 1,000. Mai zaman dirshan zai rubuta a takarda. Direban haya kuwa zai ce "in sha Allahu" yana kallon agogo, domin tun jiya ya sa sunansa a layi a tasha, kuma gobe da asuba zai ɗauki mutum shida da buhun masara biyu ya nufi Maiduguri. Cikon kuɗin aiki sai ya gwada ta mako guda tukuna.

Wani lokaci makon yana wucewa lafiya, har shekara ta bi bayansa, ba a sake jin ɗuriyar kowa ba, har da cikon. Wani lokaci kuma sai a hango ta tafe da igiya a bayan wata motar. Kafin a kwance igiyar an kafa kwamiti. Bakanike ya ce mai gurza ne ya zarce awo. Mai gurza, da aka kira shi a waya, ya ce metal ɗin jabu ne. Mai shago ya ce shi kwali biyu ya ajiye, ba shi ya zaɓa ba. Rewaya ya ce shi dai wutarsa tana nan. Aboki ya iso a kan lokaci, karo na farko a rayuwarsa, yana cewa ai ya faɗa. Yaro mai rufa asiri ya tuna an aike shi sayen ruwa.

Oga mai hannu zai buɗe bonet, ya zaro gejin mai, ya shinshina, ya duba hagu da dama, sannan ya juyo da fuskar wanda aka ci amanarsa.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, wa ya taɓa motar nan bayan ni?"