Wane ne Alƙalin Alƙalai?

Alƙalin Alƙalai alƙali ne. Dole a fara da wannan, domin akwai masu zaton wani malami ne da aka ajiye musamman, kullum da safe a jero masa alƙalai su gurfana ɗaya bayan ɗaya, yana yanke musu hukunci. Ba haka aikin yake ba. Shugabansu ne, kuma abin da ake kawowa gabansa hukuncinsu ne, su kuwa suna can kotunansu.

Sunan ya tsufa. A Bagadaza Halifa Haruna Rashid ya fara ba da shi ga Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, daga baya Daular Sakkwato ta yi aiki da shi. Sheikh Abubakar Gumi ya riƙe muƙamin na Jihar Arewa baki ɗaya daga 1962 zuwa 1967. A yau a Najeriya duk jihar da ke da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci tana da nata. Gwamna ne ke naɗa shi bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, majalisar dokokin jiha ta amince. Ba ya zama shi kaɗai, sai alƙalai sun cika uku, suna duba ƙararrakin aure, saki, gado, wasiyya da riƙon yara.

Sai kuma gidajen rediyo suka ara wa shugaban Kotun Ƙoli wannan suna, kujerar da Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta zama mace ta farko da ta hau a 2012. Saboda haka ƙara tana iya tashi daga hannun Alƙalin Alƙalai, ta bi ta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, ta ƙare a kotun wani Alƙalin Alƙalan. Shi ya sa ake ƙara "na jiha" ko "na ƙasa".

 

Wadda ya kamata ta san bambancin nan ita ce matar da aka danne wa gadon gonar mahaifinta, ta ƙulle takardar hukunci a cikin leda, ta ranto kuɗin mota. Hanyarta babban birnin jiharsu ce, gaban na jiha. In ta isa, "Allah ya gafarta Malam" za ta ce, ta miƙa takardar ga magatakarda, ta tambayi ranar zama kafin ta bar harabar kotun.