Yadda Ake Buɗe Ƙofar Birnin Haƙora Ba Tare Da Yaƙi Ba

Duk gidan da ke da ɗan shekara biyu yana da sarki. Shi ke yanke lokacin da kowa zai tashi daga barci, shi ke zaɓar kofin da za a zuba masa kunu, kuma in ya ce "a'a", to fada ta tashi. Wannan sarki yana da birni guda da yake tsaro fiye da komai, wato bakinsa. Ƙofar a buɗe take ga alawa, biskit, ƙasa, murfin kwalba da silifas ɗin baƙo. Amma da ya hango buroshi sai ya ja ƙyaure ya danna sakata, ko ganuwar Kano a lokacin yaƙi ba ta kai ta tsauri ba. Ga shawarwari daga uwar da ta yi fadanci a gaban irin waɗannan sarakuna har uku.

Na ɗaya: ki san talakawan birnin

Haƙoran yaro su ashirin ne cif. Na farko kan leƙo wajen wata shida, galibi biyun gaba na ƙasa, sauran su biyo baya har su cika kafin shekara uku ko dab da ita. Za ki ji ana cewa, "Ai na famfara ne, zubewa za su yi." Gaskiya ne, amma famfara sai wajen shekara shida take farawa, turame kuwa suna nan daram har shekara goma zuwa sha biyu. Da su yaro ke tauna nama, da su yake koyon furta magana, kuma su ke riƙe wa haƙoran girma fili kamar mai tsaron fuloti. Abokan gabarsu ba tsutsa ba ce kamar yadda ake faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ke manne wa haƙori, su ci siga, su fitar da tsami, tsamin ya dinga cin haƙorin har ya yi kogo.

Na biyu: ki shiga fada tun kafin naɗi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jaririn da aka saba goge masa dasashi da tsaftataccen ƙyalle mai laima ba ya ɗaukar buroshi a matsayin baƙon soja. Ranar da haƙorin farko ya fito, ranar ce buroshi ke kama aiki. Idan kuma har an yi naɗi ba a fara ba, kada ki karaya, sannu ba ta hana zuwa.

Na uku: kayan aiki

Buroshi mai ƙaramin kai da gashi mai laushi. Ki bar Mai Martaba ya zaɓi launi da kansa, domin sarki ba ya ƙin abin da ya yi umarni da shi. Ki sayi biyu: ɗaya nasa, wanda zai tauna kamar rake, ya goge wa 'yar tsana da shi, wataƙila har da akuya, ɗaya kuma naki, na ainihin aiki, wanda ke zama a inda hannunsa ba ya kaiwa. A canza shi duk wata uku, ko da zarar gashin ya baje kamar tsohuwar tsintsiya. Kowane yaro da nasa, babu aro ko tsakanin Hassan da Husaini.

Na huɗu: zaɓen makilin

A kanti za ki ga kwalaye da hoton zomo, beyar da jirgin sama. Ki gaishe su, sannan ki juya bayan kwalin, can gaskiya take. Abin nema shi ne sinadarin fulorayid, wanda ke ƙarfafa haƙori ya jure wa tsami. Ki nemi lambar da ke gaban haruffan ppm: kada ta gaza 1000. Na manya kan kai 1350 zuwa 1500. Akwai na yara da ke da ƙamshi da zaƙi amma babu fulorayid ko kaɗan, wannan ado ne kawai. Ki duba ranar lalacewa, a Najeriya kuma ki duba lambar NAFDAC. Wanda aka ce yana sa haƙori fari fat, ko mai gawayi a ciki, ba na yaro ba ne.

Idan yaro ya ce "yaji", ki yarda da shi, na'ana'a mai ƙarfi na ƙona masa harshe da gaske. Ki nemo mai sanyin ɗanɗano. Sai dai mai zaƙi shi ma yana da fitinarsa, domin sarki zai ɗauke shi a matsayin kayan lasa. Ki ajiye shi inda kike ajiye magani.

Yawan da za a matsa kuwa, ki manta da dogon layin nan da ake shimfiɗawa a tallar talabijin. Ƙasa da shekara uku, kwatankwacin ƙwayar shinkafa ɗaya. Daga uku zuwa shida, kamar ƙaramar ƙwayar wake. Dalili shi ne yaro haɗiyewa yake yi, kuma fulorayid in ya yi yawa a jiki yakan bar fararen tabo, wani lokaci masu ruwan ƙasa, a haƙoran girma da ke ginuwa a cikin dasashi. Akwai garuruwan da aka san ruwan ƙasarsu da yawan wannan sinadari, irin su Tibiri kusa da Maraɗi, da Langtang, da Kaltungo. Iyaye a irin waɗannan wurare su fara jin shawarar likitan haƙori.

Na biyar: shiga birnin

Kada ki tunkare shi gaba da gaba kamar 'yan dambe. Ki zauna a tabarma, ki ɗora kansa a cinyarki kamar za a yi kitso, ta haka za ki ga har lungu. Ki ɗaga leɓe da yatsa, ki dinga zagaya buroshi a hankali inda haƙori ya haɗu da dasashi, waje da ciki da saman turame. Ki kuma kula da yatsarki, haƙorin dariya shi ke cizo.

Ga dabarar da ta buɗe mini ƙofar autana, Abba. Wani dare ya datse baki, ya kumbura kumatu, idanu na kallon rufi. Sai na rage murya na ce, "Abba, tsaya, wa nake gani a can ciki? Shinkafar rana ce ta ɓuya bayan turmi!" Ya zaro ido. Na ce, "Ga wake ma yana gudu, buɗe kafin ya tsere!" Baki ya wangame. Muka kamo shinkafa, muka kamo wake, muka kamo gutsuren ƙosai da ke nan tun safe. Da na ce an gama, shi da kansa ya ce, "Umma, saura kifi." Ba a ci kifi ba ranar, amma mun neme shi har muka cika minti biyu.

Minti biyun nan su ne ƙa'ida, sau biyu a rana. Na dare ya fi muhimmanci, domin yawu, wanda ke wanke baki, raguwa yake yi in an yi barci. Bayan an gama a tofar, ba sai an kurkure da ruwa ba, don sauran fulorayid ya kwana yana gadi. Koyon tofarwa kuwa shi ne darasin da yaro ya fi so, ki dai nuna masa inda ake tofawa kafin ya zaɓi ƙafar babansa. Kada a yi barazana da dodo ko allura. Yaron da aka tsorata da likita, ranar da zai buƙace shi sai an yi jan igiya.

Na shida: ki sasanta da manyan fadawa

Babbar mai buɗe wa abokan gaba ƙofar baya ita ce Kaka. Za ki gama aiki tsaf, sai ki ji daga ɗakinta, "Zo nan maigidana, ga tuwon madara." Wannan ba wurin faɗa ba ne. Na durƙusa na ce, "Hajiya, don Allah in za a ba angon naki, a ba shi bayan abincin rana, kada ya kai miki giɓi ranar biki." Ta yi dariya, ta kuma riƙe. Yawan lasar zaƙi daga safe zuwa dare ya fi cin sa sau ɗaya ɓarna. Haka nan kwanciya da fida cike da shayi ko madara mai siga, ita ke cinye haƙoran gaba na sama. Bayan gogewar dare, ruwa kaɗai ke da izinin shiga.

Na bakwai: Baba ma yana da aiki

Yaro ɗan kwaikwayo ne. Wanda ke ganin mahaifinsa da asuwaki wajen alwala ya riga ya san tsaftar baki ibada ce kuma ɗabi'ar manya. Maigida, ka goge naka a gabansa, ka ma miƙa masa buroshinka ya goge maka, sannan ka karɓi naka juyin. Sai dai kada a bar ƙaramin yaro yana yawo da asuwaki ko buroshi a baki, faɗuwa ɗaya ta isa rauni. Gawayi, toka da gishiri kuma kankare haƙori suke yi, a nisanta su daga bakinsa.

Na takwas: inda raha ke tsayawa

Ki riƙa ɗaga leɓensa a haske. Farin layi kamar alli a gindin haƙori shi ne farkon ruɓewa, kuma a wannan mataki ana iya tsayar da shi. Baƙin tabo, kumburi, jini a dasashi ko wari mai ƙarfi, duk na asibiti ne, ba na kanwa ko ƙwayar magani a kan dasashi ba. Cutar noma, wadda ke cin kumatun yara musamman 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa, daga gyambon dasashi take farawa, kuma cikin kwanaki take yin ɓarna. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. In an kama ta da wuri, magani na kashe ta.

Makullin birnin zai zauna a hannunki har wajen shekara bakwai, domin kafin nan hannun yaro bai ƙware ba, ko da bakinsa ya ce ya iya. Ladan kuwa yana zuwa ranar famfara. Babbar 'yata ta shigo da gudu, hannu ɗaya a kan baki don kada ƙadangare ya ga giɓin, ɗaya hannun a dunƙule. Ta buɗe tafinta ta ce, "Umma, duba." Ɗan haƙori ne kamar ƙwayar masara, fari tas, babu tabo babu kogo. Ya gama aikinsa lafiya, ya bar wa magajinsa fili mai tsabta.