A Bencin Mai Taya

Akwai wani benci a ƙofar shagon wani mai sayar da taya a Kano da na fi shekara uku ina ɗumama shi duk yammacin Asabar. Hira da shayi ke kai ni. Mai shagon abokina ne tun muna firamare, kuma tun da samari da alhazai suka shiga yayin ɗaga Hilux da Land Cruiser suna saka musu tayoyi kamar na tarakta, shi kasuwa ta buɗe masa, ni kuma na samu sinima kyauta. Mutum yana iya ɓoye halinsa a masallaci, ya ɓoye shi a gidan surukai, amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya gaban taya mai inci 35 asirinsa bai tonu ba.

Wanda ya fi yawan zuwa shi ne wanda muka raɗa wa Ya-fi-na-wane. Ba ya tambaya ko tayar ta laka ce ko ta kwalta, balle shekarar da aka yi ta. Daga sallama sai, "Wacce ta fi kowacce girma a nan?" In ka bi diddigi za ka tarar maƙwabcinsa ne ya saka inci 33 ranar Juma'a, shi kuwa tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idonsa. Abokina yakan sauke nauyin da ke kansa: "Alhaji, ɗagin da aka yi wa motar nan inci 2 ne kacal. Inci 35 ba za ta zauna ba sai an yanke ƙarfe." Alhaji ya ce a yanke. Sai a kirawo fanalbita da injin yankansa, a datse bakin madigadi, a bubbuge ramin taya da guduma, a jikin motar da ko ledar kujerunta ba a cire ba. Duk da haka, ranar da ya zo juyawa a layinsu ya murza sitiyari har ƙarshe, sai ka ji gurrr, taya na gogar jiki kamar ana gurza rogo. Bayan sati guda ya dawo yana cigiyar birkila, wai ƙofar gareji ta yi wa motar ƙasa. Aka fasa, aka ɗaga. Hajiya kuwa sau ɗaya ta gwada hawa, zani ya so ya ba ta kunya a gidan biki, ta rantse ko dai a riƙa yawo da kujera 'yar tsugunno a bayan mota ko ta koma hawa Adaidaita. An sayi kujerar. Ni na gan ta da idona, har da igiyar da aka ɗaure ta don kada ta faɗo a hanya.

Ƙaninsa a hali shi ne Jarumin Kwalta. A wannan harka taya kashi uku ce, kuma a jikinta ake rubutawa. HT ta kwalta ce, ba ta da surutu. AT 'yar ko'ina-da-ke ce, ta bi titi, ta bi burji, ta ɗan taɓa laka. MT kuwa ta laka ce zalla, mai manyan haƙora da wawakeken giɓi a tsakaninsu, domin taɓo ya riƙa fita da kansa yayin da take juyawa. Jarumi MT yake so, kuma wadda haƙoranta suka fi ban tsoro. To ina yake zuwa? Daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa wajen mai balangu, sai ɗaurin aure ranar Asabar. Sau biyu ake wanke motar a rana, a bi tayoyin da man ƙyalli har sai ka ga fuskarka a ciki. Da damina in ya hango kududdufi sai ya ja birki, ya raɓe gefe, ya bar 'yan Adaidaita da masu kura su ratsa tukuna ya ga zurfinsa. Amurkawa, da su ne iyayen wannan yayi, suna da sunan tsokana da suke kiran irinsa da shi, ma'anarsa wanda tsaunin da motarsa ta taɓa hawa bai wuce dakalin ajiye motoci na kantin zamani ba. Ladan da Jarumi ke samu shi ne ƙugi. Da ya hau hanyar Zariya ya taka, sai tayoyi su ɗauki wuuu kamar jirgi zai tashi, rediyo ba ya jiyuwa, wanda ya kira shi a waya sai ya tambaya ko yana gidan niƙa ne. In an yi ruwa kwalta ta jiƙe, birkinsa bai kai na mai HT kamawa ba, haƙoran da ya saya da tsada kuma titi na cinye su a banza. Ka yi masa magana ya ce, "Ai ƙarar ce daɗinta."

Sai Farfesa, wanda shi ba ma mai saye ba ne. Babur gare shi, roba-roba, amma babu bidiyon taya a YouTube da bai kalla ba. Abin haushin, kusan duk abin da yake faɗa gaskiya ne. Shi ya fara karanta mini rubutun da ke jikin taya. In ka ga 265/65 R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita, to faɗinta milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na wannan faɗin, wilin da za ta hau kuma inci 17. In ka haɗa lissafin, tsayinta gaba ɗaya bai cika inci 31 ba. Manyan kuma ba sa wahalar da kai: 35x12.50 R17 na nufin tsayi inci 35, faɗi inci 12 da rabi, wili 17. Da a nan yake tsayawa da an zauna lafiya. Sai ya jira Alhaji ya zaro kuɗi, sannan ya durƙusa ya nuna masa ƙullutun nan mai kama da tulu da ke tsakiyar aksil ɗin baya.

"Ranka ya daɗe, ka ga wannan? Shi ke fara dukan dutse. Ko inci 6 ka ɗaga jikin mota, shi yana nan inda yake. Taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da ta ƙaru. Daga 31 zuwa 35, inci 2 ka samu."

"Inci 2 nawa ke nan?"

Farfesa ya zaro tsinken ashana ɗaya ya ɗaga sama.

Daga nan in ba a tare shi ba sai ya zarce Aislan, ƙasar ƙanƙara, inda kamfanin Arctic Trucks ke saka wa Toyota taya inci 38 har 44, su sauke iskarta ta kusa ƙarewa don mota ta yi shawagi a kan dusar ƙanƙara maimakon ta nutse. Irin Hilux ɗinsu aka kai can ƙuryar arewacin duniya a 2007, a wani shirin talabijin na BBC. Ya dawo Amurka ya ba ka labarin Bigfoot, a-kori-kurar Ford mai taya inci 66 da ke tattake ƙananan motoci don 'yan kallo, da jihar Karolina ta Arewa da ta kafa doka a 2021 ta hana yayin ɗaga gaban mota ya fi bayanta, saboda direba ba ya ganin abin da ke gabansa. Ya rufe da tambayar da ke kashe ciniki: "To kai, Alhaji, ƙanƙarar ina za ka hau?" Yanzu abokina ya gano maganinsa. Da ya hango babbar riga ta nufo shago, sai ya miƙa wa Farfesa kuɗi ya ce ya taimaka ya sayo mana ƙosai, can wajen matar da layinta ya fi tsawo.

Yaron Oga ba ya ɓata wa kowa lokaci. Hoto yake nunawa a waya ya ce, "Irin wannan Oga ya ce." Ba ya neman ragi. Buƙatarsa ɗaya ce, kuma da raɗa yake faɗinta: tunda an ɗaga mota, shi ma rasit a ɗan ɗaga shi.

Wanda yake ba ni tsoro shi ne Mai Son Araha. Ya kashe dukiya wajen ɗaga mota, da aka zo kan abin da ke taɓa ƙasa sai hannunsa ya ƙage. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a 2008, tayar mota daga waje take zuwa mana, farashinta kuma yana bin dala duk inda ta nufa. Shi sai ya zagaya lungu ya nemo 'yan Beljiyam, duk da cewa shigo da tsohuwar taya haramun ne a dokar kwastan. Ya dawo da huɗu, kowacce da sunan ubanta: biyu na laka, ɗaya ta kwalta, ɗaya kuma an yi ta ne don sanyin Turai, ga ta yau za ta sha kwaltar Kano a watan Afrilu. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta. In ka ga 2314, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2014. A tayoyin Mai Son Araha an goge wurin da dutsen wasa, zanen da ya suɗe kuma an sake fitar da shi da wuƙa mai zafi. Ga shi tsayinsu ba ɗaya ba, alhali mota mai ja da ƙafa huɗu in ka saka ta a giyar ƙarfi so take duk ƙafafun su yi tafiya ɗaya. In wata ta fi wata, ƙarafan ciki ne ke biyan bambancin. Ka leƙa ƙarƙashin motar kuma, sifiyarsa tana nan, 'yar ƙaramar da kamfani ya ba shi. Ranar da ya yi faci a daji, motar za ta dawo gida tana ɗingishi kamar jakin da ya taka ƙaya.

Bayan wata biyu sai ga Mai Ƙorafi, wanda sau da yawa Ya-fi-na-wane ne ya sake riga. Motar ta mutu, in ji shi, ba ta da ƙarfin tashi, a kan tudu sai ta yi ta neman giya, birki ya yi nisa, mai kuwa kamar ana zuba shi a rariya, ga shi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 allurar tanki ta zama abin kallo da addu'a. Ya zargi gidan mai, ya canza bakanike uku, har ya fara tunanin ko akwai hannun mutanen ƙauyensu. Abu ɗaya ne bai zarga ba, ga shi nan baƙi ƙirin guda huɗu a ƙarƙashinsa. Tayar ta fi ta asali tsayi da kusan kashi 14 cikin 100, don haka injin kamar wanda aka tilasta wa tashi a giya ta biyu yake kullum. Agogon gudu na nuna masa 100, shi kuwa yana dab da 114. Lissafin kilomita ma ƙwauro yake yi masa, shi ya sa in ya auna shan mai abin ke ƙara muni a takarda. Maganin sananne ne: a canza haƙoran giyar aksil na gaba da na baya, daga irin su 4.10 zuwa 4.56 ko 4.88. Da aka faɗa masa kuɗin sai ya ce bari ya yi shawara. Shawarar ta kai shekara. Na ƙarshen ganina da shi yana tafe yana dafe da ƙugu, wai ya gwada ɗaga taya da wilinta shi kaɗai, abin da ya haura kilo 40.

Kada a ce na yi wa kowa kuɗin goro. Akwai mai gona a fadama, akwai mai hawa Mambila da damina, akwai masu kai magani ƙauyukan da mota ba ta shiga sai da roƙo. Irin waɗannan sukan ɗauki AT inci 32 ko 33, su sayi biyar har da sifiya, su tafi. A ganina nan ne iyakar hankali, abin da ya wuce haka kowane inci da 'yan rakiyarsa yake zuwa. Sai dai ba su da daɗin kallo, minti goma sun gama.

Mutum ɗaya ne ya taɓa sa bencin nan ya yi tsit. Wani dattijo ne ɗan Agadas, da rawaninsa, ya zo da tsohuwar Land Cruiser a-kori-kura wadda rana ta cinye fentinta. Shekarunsa ya yi yana ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma. Bai kalli manyan tayoyin da aka jera a gaba ba. Ya wuce ciki ya nemi 7.50 R16, doguwa siririya, ya danna gefenta da babban yatsa, ya leƙa cikinta, ya karanta lambar shekara, ya ce a ba shi shida da tub-tub. Farfesa ya matso zai fara, dattijon ya riga shi. Ya ce yashi ba ya son fushi. In ka iso shi sai ka sauka ka rage iska kusan rabi, tayar ta kwanta ta yi tsawo a ƙasa kamar tafin raƙumi, ka wuce a hankali. In ka fita ka sa famfo ka mayar. Siririyar kuma ko a ƙauyen da ya fi kowane nisa za ka sami mai irinta. Na tuna a raina cewa da irin waɗannan a-kori-kura sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a 1987, har aka laƙaba wa yaƙin sunan Toyota, kuma ban taɓa jin an ce sai da suka biya ta wajen fanalbita ba.

Ranar kuwa Ya-fi-na-wane na nan ana ɗaura masa 35. Dattijon ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce, "Alhaji, ina za ka da wannan?"

"Abuja, Baba."

Ya yi shiru, ya gyara rawani. "Yashi ya rufe hanyar ne?"

Saura mutum ɗaya, wanda ya zauna shekara uku a kan benci yana yi wa kowa dariya, ya ji karatun Farfesa har ya haddace, ya ga tsinken ashana da idonsa, sannan wata Asabar da aka sauke wasu sababbi masu farin rubutu a gefe ya ce a ɗan gwada masa a tsohuwar Hilux ɗinsa, gani kawai zai yi. Mai karatu, in ka san mai neman MT inci 35 guda huɗu, wata uku kacal suka yi kuma ko sau ɗaya ba su taɓa laka ba, ka turo shi bencin ranar Asabar bayan La'asar. Akwai ragi, kuma kujera 'yar tsugunno kyauta ce.