Ƙa'idojin Farfaɗo da Tsohon Keke ga Mai Rarar Lokaci

Farfaɗo da tsohon keke, wato ɗauko dokin ƙarfen da ya shekara talatin ko arba'in jingine a zaure ko a bayan rumbu domin a mayar da shi yadda ya baro masana'anta, fanni ne mai zaman kansa wanda bai kamata a haɗa shi da faci da ɗaurin birki na bakin titi ba, domin mai faci yana gyara keke ne don a hau a tafi kasuwa, shi kuwa ma'abocin wannan fanni yana gyara shi ne don a tsaya a kalla, a yaba, sannan a tambaye shi abin da ya kashe, ya raba kuɗin biyu kafin ya ba da amsa. Sharuɗɗan shiga fannin uku ne, wato rarar lokaci, da rarar kuɗi, da iyali masu haƙuri. Wanda ya rasa na biyu zai iya lallaɓawa, amma wanda ya rasa na uku gara ya koma kiwon tantabara.

Sanin asalin keke

Keken da ya fi cancantar wannan hidima a ƙasar Hausa shi ne Raleigh, wanda aka fi sani da Rale, mai alamar kan zarɓe a goshi, wanda kamfaninsa ya kafu a birnin Nottingham na Ingila a ƙarshen shekarun 1880 a hannun Frank Bowden, ya bunƙasa har ya haɗiye Humber a 1932 da Rudge a 1943, ya taɓa buɗe masana'anta a Kano, sannan ya daina ƙira a Nottingham a 2002. Tsohon tallansa a Afirka ta Yamma yana nuna mahayi yana murmushi zaki na biye da shi ya kasa cim masa, kuma ya kamata ɗalibi ya ɗauki hoton a matsayin talla kawai, kada ya nemi gwadawa.

Matsalar ita ce, Phoenix na Shanghai da Hero na Ludhiana ta Indiya duk sun ɗauki siffar wannan baƙin keke, ita kuwa alamar goshi da 'yan ƙusoshi aka maƙala ta, don haka tana iya ƙaura daga wannan keke zuwa wancan cikin dare ɗaya. Idan dillali ya dafa sirdi ya ce, “Alhaji, wannan ɗan Ingila ne, tun na zamanin Turawa,” to, abin da ya tabbata kawai shi ne keken baƙi ne. Idan keken mai giya uku ne, sai a goge cibiyar tayar baya, wato tulun ƙarfen da ke tsakiyarta, domin kamfanin Sturmey-Archer, wanda ya fara wannan giya a 1902, yakan buga shekara da watan ƙira a jikinta; wannan hujja ce mai ƙarfi game da shekarun tayar, amma ba ta cewa komai game da wanda ya ɗaura ta a keken.

Nema da ciniki

Ana samun irin waɗannan kekuna a wurin 'yan gwangwan, wato masu sayen tsofaffin ƙarafa bisa kilo, da kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Fanteka a Kaduna, da Katako a Yamai. Ƙa'idar ciniki ita ce mai saye ya haɗe rai, ya taɓa keken da ƙafa, ya tambayi kuɗin wani tsohon injin niƙa da ke gefe, domin da zarar idonsa ya yi haske, ƙarfen kilo ya zama kayan tarihi. Kafin a biya, a shafa ƙarƙashin bututun da ke bayan wuyan keke, domin kumburi ko tsagewar fenti a wurin shaida ce ta cewa keken ya taɓa karo da katanga ko jaki. Sannan a ɗaura zare daga ƙarshen gangar jiki ta baya, a zagayo da shi ta wuya a dawo ɗaya gefen, a auna tazararsa da bututun sirdi dama da hagu, idan ba ta zo daidai ba to gangar ta karkace, kuma karkataccen keke ba ya shiryuwa da fenti.

Mafi haɗari shi ne keken da aka tsinta a zauren kakanni. Muddin yana cikin ƙura da yanar gizo babu mai tunawa da shi, amma ranar da aka wanke shi ya yi ƙyalli, magada za su tuna cewa ba a raba gadon marigayi ba, har da waɗanda ba su halarci sadakar bakwai ba. Saboda haka wajibi ne a saye shi a gaban shaidu yana cikin tsatsarsa, a rubuta takarda, kowa ya sa hannu.

Kwancewa

Kafin sifana ta taɓa noti, a ɗauki hoton kowace gaɓa da waya, domin ƙwaƙwalwar da ta yi alkawarin riƙe tsarin haɗuwar ƙarafa ranar Asabar ita ce za ta musanta alkawarin ranar Lahadi. Sai a jiƙa duk inda ya ƙi motsi da kananzir a bar shi ya kwana, kuma a sani cewa fedar hagu da murfin dama na cibiyar feda baibai ake kwance su, wato ta fuskar da ake ɗaure sauran notuna; wanda bai san haka ba zai kwana yana ƙara ɗaure abin da yake son kwancewa, yana zargin Turawa da mugunta.

Sandar feda kuwa da wata gajeriyar ƙusa mai noti aka ƙulle ta. Hanyar fitar da ita ita ce a sassauta notin har ya yi daidai da bakinta, a tokare sandar da wani ƙarfe daga ƙasa, sannan a buga guduma sau ɗaya da zuciya ɗaya, domin bugun mai tausayi, kaɗan-kaɗan, shi ne ke baje kan ƙusar ta zauna daram har sai an nemo mai injin huda. Daga nan sai boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke sa gaɓoɓi juyawa, waɗanda goma sha ɗaya ne a kowane gefe na cibiyar feda. Sukan zubo gaba ɗaya su watse a tsakar gida, kuma inda ake kiwon kaji ba a cika samun lissafinsu ya cika ba. A shimfiɗa babban faranti kafin a buɗe, a kuma ɗauki wanda uwargida ta yafe.

Tsatsa da fenti

Tsatsar da ke kan farin ƙarfe tana fita da ruwan lemon tsami da dunƙulalliyar takardar alminiyam, a goga a hankali, a shanya, a shafa mai. Samfefa mai kaushi kuwa takan tafi da tsatsar da ƙyallin baki ɗaya. Game da fenti, ma'abota fannin sun kasu gida biyu: akwai masu ganin cewa da tsohuwar zuma ake magani, don haka tsohon fenti da siraran layukansa na ruwan zinare a wanke su kawai a bar su, kowace ƙujewa tarihi ce, akwai kuma masu kankare komai su fesa sabo. Ra'ayin farko ya fi arha, ya kuma ba malalaci damar a kira shi mai kishin tarihi. Abin da ɓangarorin biyu suka yi ittifaƙi a kai shi ne haramcin shafa wa Rale ragowar fentin ƙofa da burushi.

Kayan gyara

A nan ne ake gane mai haƙuri. Tayar wannan keke ita ce mai lamba 28 x 1½, wadda faɗin bakinta milimita 635 ne, alhali akwai wata da ita ma ake kira 28 mai milimita 622, kuma mai shago zai rantse cewa duk ɗaya ne, a matsa kawai za ta shiga. Ba za ta shiga ba. Haka nan Raleigh na Nottingham ya yanka zaren murɗin wuya da na cibiyar feda guda 26 a kowane inci, alhali sauran kekunan Ingila 24 suke amfani da shi, saboda haka sabon murfi zai shiga zagaye biyu cikin ladabi sannan ya cinye zaren. Wayoyin taya ma 32 ne a gaba, 40 a baya, don haka wanda ya sayo da'irar ƙarfe mai huda 36 ya sayo wa yara abin wasan gare-gare.

Birkin sanda, wato wanda ƙarafa ke ja maimakon waya, yana da kyan gani da tsawon rai, sai dai idan ruwa ya jiƙa farin ƙarfen taya aikinsa yakan koma shawara, wanda ya sa ake son mahayi a damina ya fara matsa birki tun daga unguwar da ke kafin tasa. Sirdin fata na Brooks kuma, idan ya bushe, a shafa masa mai kaɗan. Wanda ya tsoma shi a man gyaɗa zai samu sirdi mai laushi na mako ɗaya, daga nan fatar ta saki, ɓeraye su ƙarasa sauran. Idan ya mutu murus, dukawa suna iya ɗinka sabuwar fata a kan tsohon ƙarfen.

Haɗa keke na musamman

Akwai reshe na biyu na fannin, wato tattaro gangar jiki daga nan, tayoyi daga can, a haɗa keken da babu irinsa. Wannan ya halatta, da sharaɗin kada a kai siraran bututun keke, waɗanda da narkakkiyar tagulla aka haɗa gaɓoɓinsu, wurin mai waldar ƙofa, domin wutarsa za ta huda su ya cike hudar da tabo. Ado kuwa, irin su geza a hannu, da leda mai launi nannaɗe a jiki, da madubai, da fitila mai dainamo, yana da iyaka: ƙararrawa biyu ƙawa ce, uku neman magana ne, kuma idan nauyin ado ya kai mahayi ya sauko yana turawa a ɗan hawa, to an wuce gona da iri.

Lissafi da hukunci

Idan aka tara kuɗin taya, da sarƙa, da giris, da fenti, da kuɗin motar zuwa neman noti ɗaya a wata jiha, yawanci za a tarar sun haura kuɗin sabon keke, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Lokacin da uwargida ta ce, “Maigida, wai nawa wannan tarkacen ya ci?” amsar da ta fi aminci ita ce a yaba tuwon daren jiya. Maƙwabci mai neman aro kuma a gaya masa cewa birkin bai gama zama ba, wanda a kan birkin sanda ba ƙarya ba ne a kowane lokaci.

Babban kuskuren da ke biyo bayan wannan wahala shi ne a jingine keken a falo a lulluɓe shi da zane, domin tayar da ba ta juyawa takan tsage, giris ya daskare, tsatsa ta dawo ta inda ta fita, bayan 'yan shekaru magada su sayar wa 'yan gwangwan bisa kilo. Saboda haka duk wanda ya kammala gyara, ya yi wa tayoyi iska, ya naɗe ƙafar wando ta dama don gudun sarƙa, ya hau kekensa zuwa masallacin Juma'a ko kasuwa aƙalla sau ɗaya a mako, kuma kada ya manta da kwaɗo.