Masu Kunne, Masu Awo da Mai Falwaya

Cikin masu tara kayan sauti a gida akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: shin wayar wuta mai tsada da na'urar tace lantarki suna ƙara wa kiɗa daɗi?

Gaba-gaba a wannan fage akwai Mai Kunne. Ya sayi wayar Nordost ko Shunyata da kuɗin da za su isa sayen babur, har da canji. Ya jona, ya lumshe ido, ya rantse cewa ganga ta ƙara zurfi, muryar zabiya kuma ta matso har gaban kujerarsa. Kunnensa ne shaidarsa, rasit na aljihu yana taya shi ji.

Mai Awo ba ya barinsa ya sha ruwa. Wutar nan, in ji shi, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan waya ta gama-gari, ta ratsa taransifoma, ta bi bangon gida. Ta yaya taku biyun ƙarshe za su yi mata wanka? Ga shi amfilifaya da kanta tana sauya wutar, ta tara ta, ta tace kafin lasifika ya ce uffan. Kullum sai ya kawo gwajin da aka yi a Kalifoniya a 2004, inda aka ɓoye wa masu sauraro ko wace waya ce a jone, ta Nordost ko ta kasuwa. Amsoshinsu ba su fi canki-canka ba. Gaskiya tana bayansa, sai dai ba a cika gayyatarsa jin kiɗa ba.

Mai Falwaya ya wuce su duka. A 2016 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin wani lauya ɗan shekara 82 a Japan da ya kashe kusan dala 10,000 aka kafa masa falwaya tasa shi kaɗai, don kada kayan wutar maƙwabta su gurɓata masa sauti.

Sai kuma mutumin Kano, wanda duk wannan bai dame shi ba. Wutar da ya kamata ta zo masa a volt 230 wani lokaci takan iso a galabaice, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, sannan ta dawo da ƙarfinta ta ƙone rediyo. Shi sitabilaiza ya saya, ba don kalangun Shata ya ƙara zaƙi ba, don kayan su ga gobe. Kunne ɗaya na kan waƙa, ɗayan na kan ƙas-ƙas ɗin akwatin a ƙarƙashin tebur.