Tufka taka ce, bawana, warwara tamu

Arɗo bawana, ya shanu, ya sauro? Labari ya iske ni a Maiduguri wai a kasuwar shanu ta Potiskum ka cika baki, ka ce duk ƙasar nan ba mai kama ƙafar Bafulatani a tufka. Ban musa ba. Wanda ya tashi a bayan saniya, in bai iya tufka ba me zai iya? Tun kana ɗan mitsitsi ake jiƙa maka ɓawon rama, ka ɗora sili biyu a cinya, ka murza kowanne ta gefe guda, sannan ka bar su su naɗe juna ta ɗaya gefen, shi ya sa igiyar ba ta kwancewa. Da ita kake dangwalin maruƙa, da ita kake jan guga. Cinyarka ma ta daina fitar da gashi.

Sai dai Bahaushe, mai bakin da muka ara muke faɗan nan, bai bar tufka a ruga ba. Wanda ya ce i da safe, ya ce a'a da la'asar, shi ne mai tufka da warwara, kuma wallahi kai aka kalla aka faɗe ta. An yi cinikin sa, an sallama, dillali har ya fara lissafin la'ada, sai ka sunkuyar da kai ka ce bari ka je ka ji ta bakin Inna Wuro.

Babbar tufkarku ma mun san inda ta ƙare. A 1808 kakanninka suka shiga Birnin Gazargamu suna murna, Shehu Laminu ya zo ya warware musu ita sili-sili, ya kuma bi Muhammadu Bello da wasiƙu yana tambayar hujja. A 1814 ya kafa Kukawa, ku kuwa kuka koma neman makiyaya.

To ga kitso. A wurinmu aikin mata ne, kuma duk wanda ya ga kilayasku a kan amaryar Barebari ya san makitsiya ta ci kuɗinta. Ku kuwa samarinku na Bororo, can wajen Ingal, su ne ke zama a yarfa musu kitso, su sha kwalli, su jeru a Gerewol suna zare ido da washe haƙora ko wata za ta taimaka ta zaɓe su. Kada ka ce ba danginka ba ne, na ga hotonka na ƙuruciya.

Na san yanzu kana can gindin kuka kana kitsa mini amsa, kana saƙa da mugun zare. Kitsa abinka. In za ka kawo ta, ka haɗo da kindirmo da man shanu na ubangidanka, ka kuma danne kanka da malfa, kada yaran unguwa su nuna maka hanyar ɗakin mata.